Filin Tambayoyin Masu Lambu: Renon Itatuwa a Tsakiyar Bazara

Wasiƙun da suka iso mana wannan karon kusan duk a kan renon itatuwan dashe suke. Daga Maris zuwa ƙarshen Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, mai lambun reno ba shi da hutu, domin duk itacen da za a dasa da damina yanzu ake shuka shi a leda. Mun taƙaita wasu wasiƙun, mun kuma haɗa masu kama da juna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wata ƙungiya a garinmu ta ce in tanadar mata dashe 5,000, dogon yaro da bagaruwa da turare da zogale, za ta karɓa a watan Yuli. Ni da yarana biyu ne ke aikin, kuma muna da rijiya. Yaushe zan fara, kuma yaya zan raba aikin mako don kada wani aiki ya danne wani?
Mai karatu daga Wamakko

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Daga ranar karɓa za ka fara lissafi, ka yo baya. A ƙasar Sakkwato ruwa kan sauka a Yuni, amma sai cikin Yuli ƙasa ke jiƙa sosai har a yi dashe hankali kwance. Dogon yaro da bagaruwa da turare kowanne yana son wata uku zuwa huɗu a leda kafin ya kai tsawon santimita 30 zuwa 40, wato ka shuka su daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Afrilu. Zogale kuwa ka ƙyale shi sai ƙarshen Mayu. Mako shida ya ishe shi. Idan ka shuka shi tare da sauran, kafin Yuli ya miƙe ya yi siriri, saiwarsa ta cika leda, iska kaɗan ta karya shi.

Kada ka cika leda 5,000 cif. Ka cika 6,000, domin wani iri ba zai tsiro ba, wani zai mutu, wani kuma zai fito a ƙanjame har ka ji kunyar nuna wa mai saye. Ƙaramar baƙar leda mai faɗin santimita 10 da tsawon 20 tana cin ƙasa kamar rabin lita, daidai da ledar fiya-wata. Leda 6,000 ke nan lita 3,000, baro 50 idan baronka na cin lita 60. Mai saurin hannu yana cika 400 a yini, ku uku kwana biyar ke nan. Fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita 10 yana ɗaukar irin wannan leda kusan 2,000, saboda haka fangali uku kake buƙata, da hanya mai faɗin rabin mita a tsakaninsu. Kada faɗin fangali ya wuce mita ɗaya, don hannunka ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da ka taka dashe ba.

Sai ruwa, wanda shi ne ke kayar da mutane. A zafin Afrilu kowane fangali yana shan kusan lita 100 a yini, jarka biyar. Fangali uku duro ɗaya da rabi ke nan kullum, ba fashi. Tun kafin ka sayi leda ka gwada rijiyarka: ka ja wannan adadi kwana uku a jere ka ga ko tana maido da ruwa. Rijiyoyi da yawa a watan Mayu suke ja da baya, daidai lokacin da dashe ya yi ganye ya ƙara ƙishi.

Makon farko na ƙasa da leda da rumfa ne. Idan an gama jera leda, a yi ta ba ta ruwa kwana uku zuwa huɗu kafin a shuka. Ƙasa za ta zauna, ciyawar da ke ɓoye a taki ta tsiro a cire ta tun babu abin da za ta cuta. Shukar kanta ka rarraba ta, fangali ɗaya a mako. Wanda ya shuka komai rana ɗaya, rana ɗaya zai tarar da cirar ciyawa da raba turare (wato cire ƙananan tsironsa da suka fito a cunkushe a mayar da kowanne ledarsa) da yanke saiwa duk sun taso masa.

Bayan haka yini yana tafiya ne da lokutan salla. Ana idar da asuba a fara ban-ruwa, a gama kafin hantsi ya dubi ludayi. Mai ban-ruwa ya riƙa tafiya da ido, shi ne zai fara ganin gara ko ledar da ta tuntsure. Daga hantsi zuwa azahar aikin inuwa ne: tankaɗen ƙasa, cika leda, gyaran iri. Tsakanin azahar da la'asar ba a taɓa dashe ko kaɗan. Duk aikin da ke wahalar da tsiro, irin su cira a mayar wata leda, yanke saiwa da feshi, sai bayan la'asar, don dare ya ba shi damar farfaɗowa, sannan a rufe da ban-ruwa na biyu. A cikin mako ka ware rana ɗaya ta cire ciyawa da maye gurbin ledar da ba ta tsiro ba, rana ɗaya ta ɗaga leda don yanke saiwar da ta leƙo ta gindi, rana ɗaya ta duba shinge da rumfa. Rumfar nan ka ƙarfafa shikashikanta kafin tsakiyar Mayu, domin guguwar farkon damina ta kan kwantar da ita a kan dashe. Juma'a ban-ruwa kawai, sai ka zauna da littafi ka ƙirga rayayyu, ka rubuta ranar da aka shuka kowane fangali. Idan aiki ya cushe, ciyawa za ta iya jiran gobe, ƙirga ma haka. Ban-ruwa da raba turare da ɗaga leda ne ba sa jira.

TAMBAYA: Na cika leda da ƙasar fadamarmu don na ga baƙa ce mai ƙarfi. Yanzu idan na zuba ruwa sai ya kwanta a sama, idan ta bushe kuma ta daskare kamar bulo. Me zan haɗa?
Manomi daga Kware

AMSA: Malam, ƙasar fadama tana da kyau a fadama, inda saiwa ke da faɗin ƙasa. A leda laka ce ta yi yawa, ta toshe hanyar ruwa da iska. Ƙasar jigawa ita kaɗai ma ba ta yi, ruwa ke wucewa ta ciki kafin saiwa ta sha. Haɗin da ya fi dacewa da mu shi ne kwanon sarki biyu na ƙasar sama, ɗaya na yashi, ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Idan ƙasar saman taka ta jigawa ce mai rairayi, ka bar yashin, ka sa ƙasar fadama a madadinsa. Kai da kake da laka zalla, ka yi ɗaya laka, biyu yashi, ɗaya taki. Ƙasar da ke ƙarƙashin gawo ko bagaruwa ta fi kowace, domin ganyen da ya zuba shekara da shekaru ya riga ya gyara ta. Ka kankari saman kawai, kamar zurfin tafin hannu, kada ka tone wa itacen saiwa.

Gwajinsa ba ya buƙatar kayan aiki. Ka jiƙa haɗin kaɗan, ka damƙa a hannu. Idan ya dunƙule, ka taɓa shi da yatsa ya wargaje, ya yi. Idan ya ƙi dunƙulewa yashi ya yi yawa. Idan ka iya murza shi ya yi tsawo bai karye ba, laka ce ta rinjaya.

Taki kuwa dole ya zama wanda ya ruɓe, ya yi baƙi, ba wari, ba ɗumi idan ka cusa hannu a tsibinsa. Ɗanyen kashin shanu yana ci gaba da ruɓewa a cikin leda, ya yi zafi ya ƙona saiwa, kuma yana kiran gara. Takin kaji ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, rabin awo ya isa. Ka tankaɗe komai da rariyar waya irin ta magina. Wajen cikawa ka buga gindin ledar a ƙasa sau biyu ko uku don ta tsaya da kanta, ka bar yatsa ɗaya a baki don ruwa. Kuma kowace leda ta samu huda shida zuwa takwas a gindi da gefen ƙasa, musamman ledar fiya-wata da mutane ke mantawa su huda.

Waɗanda ka riga ka cika, idan ba ka shuka ba ka juye ka sake haɗi. Wahalar kwana biyu ce.

TAMBAYA: Ina renon gwanda da gwaba da zogale a bayan gida. Suna fitowa gwanin sha'awa, bayan mako ɗaya sai in ga sun kwanta ɗaya bayan ɗaya. Sau uku nake ba su ruwa saboda zafi, kuma na rufe su da tabarma ruf don kada rana ta taɓa su.
Wata malama daga Mabera, Sakkwato

AMSA: Malama, kulawar ce ta yi yawa. Ki ciro ɗaya daga cikin waɗanda suka kwanta ki dubi wuyansa, daidai inda kara ya haɗu da ƙasa. Za ki ga wurin ya yi baƙi ko ruwan ƙasa, ya sirance ya yi laushi, alhali ganyen yana nan kore. Wannan ruɓewar wuya ce, ƙwayoyin cuta na cikin ƙasa ke kawo ta, kuma abin da suke so shi ne danshin da ba ya tsanewa, da duhu, da rashin iska. Duk ukun kin haɗa musu. Gwanda ta fi kowa saurin kamuwa.

Yau ɗin nan ki fitar da duk ledar da ta kamu, ki zubar da ƙasarta nesa, kada ki sake shuka a ciki. Ki ɗaga rumfar ta kai tsayin ƙirji ko fiye, ki sassauta ta yadda rabin hasken rana zai riƙa ratsowa. Karan dawa da aka jera da tazara ko tsohuwar zana mai huji sun fi tabarma. Ki bar gefuna a buɗe, sai dai ɓangaren da iska mai zafi ke bugowa. Ruwa sau biyu, safe da yamma, kuma kafin ki zuba ki cusa yatsa zuwa gaɓa ta farko. Idan da danshi ki wuce. Ganyen da ya yi yaushi da tsakar rana ya miƙe da magariba ba ƙishi ke damunsa ba, zafi ne. Wanda kika tarar a langwaɓe da asuba shi ne mai ƙishin gaske. Ki yi amfani da buta mai rariya a baki, ko gwangwanin da aka huda da ƙaramar ƙusa. Ruwan bokiti kai tsaye yana tone iri yana kwantar da tsiro. Ki barbaɗa busasshen yashi kaɗan a saman kowace leda don wuyan tsiron ya riƙa bushewa da wuri.

Don shuka ta gaba, zafin bazarar nan da kike tsoro shi zai yi miki magani. Ki baza haɗin ƙasarki kaurin tafin hannu, ki jiƙa shi, ki rufe da farar leda mai nuna ciki, ki danne gefuna da ƙasa, ki bar shi a rana mako huɗu zuwa shida. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashi yana kashe yawancin cutar da irin ciyawa. Idan ƙasar kaɗan ce kuma kina sauri, ki gasa ta da danshinta a rabin duro kamar minti 30, ki bari ta huce. Maganin gauraya iri irin su Apron Star yana taimakawa, ki bi awon da ke jikin takardarsa, ki wanke hannu, ki ɓoye shi daga yara.

TAMBAYA: Na shuka bagaruwa da gawo da kuka yau mako uku, ko ɗaya bai leƙo ba. Na tone na ga irin yana nan yadda na sa shi. Dogon yaron da na tara bara shi ma shiru.
Mai karatu daga Gwadabawa

AMSA: Matsala biyu ce daban, ɗan'uwa. Bagaruwa da gawo da kuka da kirya ɓawonsu ne ke hana ruwa shiga. A daji sai sun bi ta cikin akuya ko saniya, ko sun sha rana da ruwa na tsawon lokaci, kafin su tsiro. Shi ya sa irin gawon da aka tsinta a garken awaki ke fitowa ba gardama. Naka ba su mutu ba, ka tone su ka yi musu ɗaya daga cikin biyun nan.

Idan irin yana da yawa, ka tafasa ruwa, ka sauke daga wuta, ka zuba irin a ciki. Ruwan ya ninka irin sau huɗu ko biyar. Ka bar shi ya huce da kansa har washegari. Ba a dafa iri a kan wuta, a kula. Da safe za ka ga wasu sun kumbura sun ninka girmansu. Su za ka shuka nan take, kada ka bari su bushe. Waɗanda ba su kumbura ba ka sake musu ruwan zafi. Masu yawo a saman ruwa yawanci ƙwaro ya cinye cikinsu, ka zubar.

Idan kaɗan ne, ko manyan iri ne kamar kuka da tsamiya, abin yanke farce ya fi tabbas. Ka ɗan ƙwanƙwashe ɓawon a gefen da ke nesa da idon irin, har ka hango farin ciki, ka tsaya. Ka jiƙa a ruwan sanyi kwana ɗaya ka shuka. Dakwara ɓawonta bai kai na bagaruwa tauri ba, jiƙon ruwan sanyi na dare ɗaya kan ishe ta. Za ka ji ana cewa a manyan gandayen reno da asid ake yi. Gaskiya ne, amma aikin masu horo ne da kayan kariya. Kada wani ya ruɗe ka da ruwan batir.

Zurfin shuka ninki biyu na kaurin irin. Yawancin irin da ake zargi da rashin kyau binne shi aka yi da zurfi.

Dogon yaro kuwa akasin haka yake. Irinsa ba ya ajiya, cikin 'yan makonni yake mutuwa, na bara sai dai a daka a yi maganin ƙwari da shi. Ka nemi 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya, ka murje naman a ruwa, ka shanya a inuwa kwana ɗaya ko biyu, ka shuka a makon. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai fito.

Kowane iri ka saya, ka fara gwada ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen tsumma. Idan waɗanda suka tsiro ba su kai rabi ba, ka sa biyu ko uku a kowace leda, daga baya ka rage. Kuma ka riƙe waɗannan itatuwa namu na gida. Sakkwato na cikin jihohi 11 na Arewa da shirin katangar itatuwa ta Afirka, wato shirin dashen itatuwa don tare hamada, ya shafa, kuma a busasshiyar ƙasa irin taku gawo da bagaruwa da dakwara da aduwa ne ke tsallake rani ba tare da ban-ruwa ba.

TAMBAYA: Layin da ke bakin fangali kullum shi ke ƙonewa, na tsakiya lafiya lau. Kuma ina ganin farin abu a saman ƙasar leda, bakin ganye yana bushewa. Ruwan bohol nake amfani da shi.
Daga Bodinga

AMSA: Baƙar leda tana shan rana, ta gefe kuma ita ce rana ke duka a jiki, ƙasar ciki ta yi zafi ta dafa saiwa. Ka tara ƙasa a jikin layin gefe har kusa da baki, ko ka jingina katako ko tsohon buhu. Fangali ya miƙe daga gabas zuwa yamma don inuwar rumfa ta daɗe a kansa.

Farin abin gishirin ruwa ne. Idan kana yayyafa kaɗan-kaɗan, ruwan ya bushe ya bar gishirinsa a sama, kullum yana ƙaruwa. Sau ɗaya a mako ka ba su ruwa mai yawa har ya riƙa fita ta hudar gindi, ya wanke shi. Lemo da mangwaro da gwanda ne suka fi jin gishiri. Dabino da bagaruwa ba su cika damuwa ba. Ruwan da ya wuni a baƙin tanki ko a tiyo cikin rana, ka taɓa shi da hannu kafin ka zuba.

TAMBAYA: Na yi wa mangwaro 40 aure a farkon Afrilu, huɗu kawai suka kama. Ina kuskuren yake? Kuma yaya ake shuka ƙwallon ya fito da sauri?
Mai lambu daga Tambuwal

AMSA: Babban abin lokaci ne, Malam. A Afrilu iska busasshiya ce, reshen da ka yanko yana bushewa kafin ya haɗu da uwar, wato ƙaramin mangwaron da ake ɗaura reshen a kansa. Aure ya fi kamawa idan damina ta zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta. Aikin bazara shi ne tara ƙwallo da shuka uwaye, tunda yanzu mangwaro ya cika kasuwa.

Ƙwallon ƙaramin mangwaron gida mai zare shi ya fi yin uwa. Ka wanke shi, ya sha iska a inuwa kwana ɗaya ko biyu, ka yanke gefen ɓawon da almakashi ka fitar da ƙwayar ba tare da ka ji mata ciwo ba. Wadda ka ga ta yi baƙi ko da ƙwaro a ciki ka yar. Ka kafa ta a gefenta, doron a sama, ƙasa ta rufe ta da kamar santimita biyu. Babbar leda ake sa wa, mai faɗin 20 da tsawon 30, domin zai shekara a ciki. Mako biyu zuwa uku zai fito. Idan ƙwaya ɗaya ta fitar da tsiro uku ko huɗu ka bar mafi ƙarfi. Ƙwallon mangwaro ma ba ya ajiya, a makon da aka sha a makon za a shuka.

Idan uwa ta kai kaurin fensir aure ya yi. Mako ɗaya kafin ranar, ka je wurin itacen da kake so, Binta Suga ne ko Julie ko wani, ka zaɓi reshen da ya ƙosa mai kumburarren ido a kai, ka cire masa ganye ka bar shi a jikin itacen. Ranar aiki ka yanko santimita 10 zuwa 15, ka naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Ka datse uwar a tsayin santimita 20 zuwa 25, ka tsaga ta santimita uku, ka fiƙe gindin reshen gefe biyu daidai tsawon tsagar, yanka ɗaya kowane gefe da reza ko wuƙa mai kaifi da aka goge da sifirit. Wurin da mutane ke faɗuwa shi ne haɗin ɓawo: idan kaurinsu bai zo ɗaya ba, kada ka sa reshen a tsakiya, ka matso da shi gefe ɗaya ɓawo ya haɗu da ɓawo. Ka ɗaure da zaren leda daga ƙasa zuwa sama, ka kifa siririyar farar leda irin ta ƙanƙara a kai, ka ajiye a inuwa. Idan toho ya fito, cikin mako biyu zuwa huɗu, ka cire hular. Ɗaurin sai bayan mako shida zuwa takwas. Duk tohon da ya fito a ƙasan ɗaurin ka tsinke shi, in ba haka ba uwar za ta ƙwace abincin ta kashe amaryar.

TAMBAYA: Gara da fara da tsutsa sun dame ni. Kuma zan iya sa takin zamani don su yi saurin girma?
Daga Wurno

AMSA: Gara busasshen abu take bi: karan rumfa da ya zubo, ɗanyen taki, guntun itace. Ka share su, ka shimfiɗa leda a ƙarƙashin fangali, ka barbaɗa toka a kewaye, ka nemi shurin da ke kusa ka tone shi. Ga fara da tsutsa, ka daka ƙwayar dogon yaro rabin kilo, ka jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, ka tace da ƙyalle, ka sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma sau ɗaya a mako. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake yi, kuma a ranar da aka tace ake amfani da shi. Tsutsar lemo manya ce, tsince ta da hannu ya fi sauri.

Taki kuwa, idan haɗin ƙasarka ya yi daidai ba ka buƙatarsa. Sai idan ganye ya ɗashe bayan wata ɗaya: ka narka NPK 15-15-15 cikin gidan ashana ɗaya a ruwa lita 10, ka ba su bayan ka riga ka jiƙa ƙasar, ka bi da ruwa zalla ka wanke ganye. Bayan mako biyu a sake. Kada ka taɓa zuba ƙwayar yuriya a ƙaramar leda. Wata ɗaya kafin dashe a daina ba da taki gaba ɗaya.

TAMBAYA: Bara na sayar wa mutane dashe masu tsawo, kore shar, amma da yawa suka dawo suna ƙorafin sun mutu cikin mako biyu, alhali ana ruwa. Bana ba na son a maimaita.
Mai lambun reno daga Illela

AMSA: Alhaji, muna kyautata zaton da ka zo ɗaga su sai da ka fizga, ka ji wani abu ya tsinke. Uwar saiwa ce ta fita ta hudar leda ta shige ƙasa. Tun daga ranar da ta shige, itacen a ƙasa yake ci, shi ya sa ya fi 'yan'uwansa tsawo da kyau. Ranar da ka fizge shi ka raba shi da yawancin saiwarsa, ka bar masa ganye mai yawa da ba abin da zai shayar da shi.

Maganinsa ɗaga leda. Daga mako na huɗu bayan tsiro, duk mako biyu a ɗaga kowace leda, a yanke saiwar da ta leƙo da wuƙa ko almakashi, a mayar. Bagaruwa da gawo da dakwara saiwarsu ta fi gudu, su kam duk kwana goma. Da yamma ake yi, a bi da ruwa. Yankan yana sa ƙananan saiwoyi su yawaita a cikin leda, kuma su ne ke riƙe ƙasa ranar dashe. Tunda ka ɗaga, ka jera manya gefe ɗaya ƙanana gefe ɗaya don kada su shanye musu haske. Raguwa da karkatattu ka fitar, kada ka haɗa wa mai saye.

Abu na biyu horo ne. Dashen da ya tashi a inuwa yana shan ruwa safe da yamma, ranar farko a fili rana za ta ƙone shi. Mako huɗu kafin sayarwa ka fara yaye rumfa, da farko safe da yamma, sannan gaba ɗaya. Ruwa ya koma sau ɗaya a yini, a makon ƙarshe kwana ɗaya bayan ɗaya, sai dai kada a bari ya kai ga langwaɓewar asuba. Ganye zai ɗan rage sheƙi, kara ya yi tauri ya koma ruwan ƙasa. Masu saye kan miƙa hannu ga mai tsawo da sheƙi; ka gaya musu gajere mai kaurin wuya shi ne na gona.

Daren da za a ɗauka ka ba su ruwa sosai. A ɗauke su ta leda, ba ta kara ba, a jera a tsaye a kwali ko daro, a rufe da buhu idan a bayan mota ko babur ne, domin iskar hanya daga Illela zuwa Sakkwato ta isa ta busar da su. Ka kuma faɗa wa kowane mai saye yadda zai dasa, don sunanka ne zai ɓaci idan ya yi ba daidai ba. A jira ruwa mai ƙarfi da ya jiƙa ƙasa har zurfin kamu ɗaya. Rami santimita 40 faɗi da zurfi ga itacen inuwa, 60 ga mangwaro da lemo, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki a mayar. A yanke gindin ledar kamar yatsa ɗaya don saiwar da ta nannaɗe ta fita, a tsaga gefe a cire ledar gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta wargaje ba. Wuyan itacen ya tsaya daidai inda yake a leda, a take kewaye da ƙafa, a yi masa kwarin tara ruwa, a wuri mai gangare a tara ƙasa mai siffar rabin wata a ƙasansa don ta tare ruwa. Da yamma ko ranar da hadari ya rufe ake dasawa. Wanda bai tanadi keji ko ƙayar da zai kewaye da ita ba, ka ce ya bar dashen a wurinka ya je ya tanado, domin awakin unguwa ba sa ba da kwana biyu.